Humra a Kan Zoben Kyamarar Ƙungiya

Daga: Hansai Idrisu Yawuri,
Ma'aikaciyar jinya a sashen haihuwa,
Unguwar Ulaisha, Riyad.

Zuwa ga: Dakta Musaddiq Amir,
Shugaban Kwamitin Wasanni da Tafiye-tafiye,
Ƙungiyar Zumuntar Ma'aikatan Arewa Mazauna Riyad,
Unguwar Nasiriya.

Kwanan wata: Lahadi, 2 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Cire sunana daga tafiyar nutso ta tsibiran Farasan, bisa zargin lalata kyamarar ruwa ta ƙungiya.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan iyali suna lafiya, ina gabatar da kukana kan hukuncin da kwamitinka ya yanke ranar Juma'a, 24 ga Oktoba, a wani zama da aka yi ina bakin dawam, wato aikina na asibiti, ba a ji ta bakina ba. Ina neman afuwa tun yanzu idan aka ga alamun murna a cikin takardar ƙorafi. Na yi ƙoƙarin ɓata rai kafin in fara rubutu, abin ya ƙi, domin tun da na ga ƙarƙashin Bahar Maliya bakina bai rufu ba.

1. Kamar yadda kwamiti ya sani, ni ce mace mafi shekaru a reshen nutso, kuma a tafkin iyo na mata a nan Riyad, garin da ko kududdufi babu, na koyi shiga ruwa. Abin da kwamiti bai sani ba shi ne, mahaifina, Malam Idrisu, masunci ne a Yawuri. Da ƙuruciyarsa yakan nutsa kogi ba tukunyar iska ba tabarau, ya fito da kifi a hannu. Allah ya ba shi 'ya'ya mata zalla, abokan sana'arsa kuma suka yi ta yi masa shaguɓe har ya tsufa, wai ruwa ya ƙare a gidansa daga kansa. Ran da na karɓi shaidar nutso na yi masa alkawari a waya cewa zan kawo masa hotona a ƙarƙashin teku, ya kai bakin kogi ya nuna. Saboda wannan na nemi aron kyamara, ba don ado ba.

2. Ranar Laraba, 8 ga Oktoba, na je gidan ma'ajin kayanmu, Injiniya Lurwanu, a unguwar Ud, domin karɓar kyamarar da kwansonta, wato akwatin nan mai haske da ke hana ruwa shiga. Ban same shi ba. Maiɗakinsa, Hajiya Jamilat, ce ta miƙo mini kayan a jaka, jakar tana ƙamshi kamar lefe. Na yaba, na sa albarka. Ranka ya daɗe, ka san al'adar Hajiya, ko kwanon miya ba ya fita daga gidanta sai ya sha turare, don haka ban kawo komai a raina ba. Dokar kwamiti kuwa ta ce ma'aji kaɗai ke taɓa zoben robar da ke bakin kwanson, shi ke shafa masa mansa na musamman. Na bi doka, ko farcena bai kai wurin ba.

3. Ranar Asabar, 11 ga Oktoba, muka shiga ruwa a Yanbu, gaɓar Bahar Maliya, tare da malamarmu, Kyaftin Sumayyah. Kafin mu sauka ta tsoma kwanson a bokiti ta duba, ko kumfa ɗaya bai fito ba. A nan ina roƙon kwamiti ya yi haƙuri da ni, domin dole in faɗi abin da na gani. Na ga murjani. Ni da na ɗaura murjani a wuya ranar aurena, ashe ban san tsirowa yake yi ba, ga shi nan gona guda, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, kifaye suna shiga suna fita kamar ranar kasuwa. Na ga wani kifi da zane a jiki wanda da atamfa ce da matan ƙungiya sun yi anko da shi. Wani ɗan ƙarami ya fito daga gidansa ya tsaya a gaban tabarauna yana hararata, har na yi dariya iska ta kuɓuce mini, Kyaftin ta ɗaga mini yatsa. Sai ga kunkurun teku, irin wanda Baba zai kira kififiya, ya kai faɗin faranti na taron biki, yana tafe a natse kamar dattijon da zai je masallaci da wuri. Na ɗaga kyamara na danna sau ɗaya. Da na je dannawa ta biyu, sai na ga ruwa yana hawa a cikin kwanson, fuskar kyamarar ta yi fari, ta mutu. Na ji zafi ƙwarai, amma gaskiya ko a lokacin idona yana kan kunkuru.

4. Da muka hau jirgi Kyaftin Sumayyah ta buɗe kwanson, ta zare zoben, ta same shi ya kumbura ya yi laushi. Ta kai shi hanci, ta dube ni, ta sake sunsunawa, sannan ta tambaye ni wane irin turaren ud ne wannan, kuma a ina ake samunsa. Na ce mata humra ce ta mutanenmu. Ta yi dariya har ta zauna. Daga bisani ta yi mini bayani cewa turare mai maiƙo yana cin irin wannan roba, a bokiti ba za a gane ba, sai an yi zurfi ruwa ya danno da ƙarfi. A shirye take ta maimaita wa kwamiti wannan bayani, ta kuma roƙe ni in samo mata kwalba ɗaya.

5. Na mayar da kayan na yi shiru kan batun turare, domin ba na so in ja wa Hajiya Jamilat magana a gidanta. Na zaci za a kira ni a tambaye ni cikin sirri. Maimakon haka sai na ga sanarwa a zauren ƙungiya na waya, gaban kowa da kowa, wai na yi sakaci wajen rufe kwanso, an cire ni daga tafiyar Farasan ta 21 ga Nuwamba. Wannan ya ƙona mini rai. Matar da ke karɓar jarirai da hannunta kullum ba za a ce ba ta iya rufe akwati ba. Injiniya Lurwanu ne ya kawo shawarar, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya yi, domin bai san abin da ya faru a falonsa ba.

6. Hajiya Jamilat da kanta ta kira ni da ta ga sanarwar, tana kuka tana dariya. Ta ce ta buɗe kwanson ne ta ga wani maiƙo a jikin robar, ta ga bai dace a ba babbar mace kaya da datti ba, ta goge shi tas, ta shafa humrarta mai kyau, wadda ba ta ba kowa, sannan ta turara jakar. Ita ce ta ce in rubuta, in kuma ambaci sunanta. Ina so ya shiga cikin bayanin kwamiti cewa ba na ƙarar ta. Karamci ta yi mini, kuma ni ma da na mayar da jakar sai da na sa dabino da dambun nama a aljihunta, wanda har yau ma'aji bai ce komai a kansa ba.

7. Katin kyamarar ya tsira, kuma hoto ɗaya ne a kansa. Na haɗa shi da wannan takarda. Kwamiti zai ga rabin kunkuru ta baya, da babban yatsana mai lalle ya rufe kusurwa. Na aika wa Baba shi. Ƙanwata ta ce ranar bai ci abincin rana ba, ya sa aka riƙe masa hannu zuwa bakin kogi, ya bi tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu. Suka yaba kififiya, amma suka ce yatsa ai na kowa ne. Ya dawo gida ya aiko mini da saƙo cewa shi ya gane yatsan 'yarsa, sai dai mutanen nan fuska suke so.

Ranka ya daɗe, kwantiragina zai ƙare a ƙarshen Disamba, an riga an fara mini takardun fita ta ƙarshe, igamata, wato takardar izinin zama, ba za a sabunta ta ba. Farasan ce damar da ta rage mini, Baba kuma ƙarfinsa yana raguwa.

Saboda haka ina roƙon kwamiti cikin ladabi da ya mayar da sunana cikin matafiya, ya janye kalmar sakaci a zauren da aka rubuta ta, ya kuma ƙara a dokokinsa cewa kayan nutso ba a yi musu turare, ba tare da an kama sunan kowa ba. Idan an ga ba za a sake damƙa mini kyamara ba, na yarda, ba zan ja ba. A dai sa ni a jirgin, wani ya ɗauke ni. Na san tabarau zai rufe rabin fuskata, shi ya sa kowace Asabar nake tafkin iyo ina koyon cire abin shaƙar iska daga bakina in yi murmushi a ƙarƙashin ruwa. Ina da wushirya irin ta Baba sak, kuma duk bakin kogin Yawuri babu wanda bai san ta ba.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da adalci, ya sa a duba kukana kafin a rufe sunaye.

Taka mai biyayya,
Hansai Idrisu Yawuri,
'yar Malam Idrisu masunci.