Kayan Baba a Jikin Bango

Zuwa ga Yayana Baurjan,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Taraz, da fatan kana lafiya, kai da Makpal da yara. Allah ya ba ka juriyar aikin tashar jirgin ruwan nan ta Busan, ya tsare ka a baƙon wuri. Mu nan gida da sauƙi dai za a ce. Gwaggo Gulsim ta tare wurinmu, kullum tana suyar baursak, fanken nan namu, ba mai ci.

Ka san abin da likita ya faɗa, cewa in aka cire wa Baba maƙogwaro, magana ta ƙare. Shi ya sa na matsu in kammala shirin nan da nake sawa a intanet, na tarihin zuriyarmu, don rabin da ya rage babu wanda ya san shi sai Baba. To ɗakin benen nan siminti ne zalla. Muryarsa da ma ta dushe, ga shi tana bugun bango ta dawo, kamar mai magana cikin rijiya. Ka ce in rufe bangon da abu mai kauri da laushi, na kuwa bi shawararka. Na shimfiɗa dardumar gashi, na jingina katifu a kusurwa, na toshe taga da bargo. Da na tafa hannu, bangon bayan kujerarsa bai daina amsawa ba. Sai na ɗaura igiya, na kwaso manyan rigunansa da jabbarsa ta fatar tunkiya da hularsa, na jera su. Na sake tafawa, shiru. Har murna na yi, Yaya, ni sakarya.

Gwaggo ce ta fara shigowa da shayi. Ta saki faranti, ta ce, "Ke 'yar birni, wa ya mutu a gidan nan?" Ni da kai a benen birni muka tashi, ban taɓa gani ba. Ashe a ƙauyensu sai mutum ya rasu ake rataye kayansa haka, su shekara kafin a sauke. Ban kai hannu ga igiyar ba sai ga Baba. Ya daɗe yana kallon jabbar, sannan ya ce in bar su, ai na rage wa Gulsim aiki. Ya zauna, ya ce in kunna na'urar ɗaukar murya.

Bai taɓa tarihin kakanni ba. Na roƙe shi ina kuka, ya ce, "'Yata, wanda aka rataye wa kaya sallama yake yi." Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana yafe mana, yana sa albarka. Ban taɓa ɗaukar murya tas irin wannan ba, har haɗiyar yawunsa ana ji. Wallahi na tsani kyawunta.

An yi aikin, ya tashi, ya dawo gida. Tarihin ya tafi tare da muryar. Na je zan sauke kayan, ya riƙe mini hannu yana girgiza kai. Yanzu a ƙarƙashinsu yake yini. Sunanka ya fi ambata a cikin sallamar, amma ba zan tura maka ta waya ba. Ka zo ka saurara a ɗakin, tun mai kayan yana zaune kusa da kai.

Ka gaida Makpal, ka shafa mini kan Alibek da Inju. Gwaggo tana gaishe ka. Baba ma ya ɗaga hannu da na ce kai nake rubuta wa.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Jansaya