Faratan Biskit

Yaya Rumbidzai,

Gaisuwa mai yawa daga Johannesburg. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ruwa ya sauka a Masvingo kuwa? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Kin tuna Biskit, kyanwar Madam ɗin da nake wa aiki, wadda ke kwana a gadonta? Ta yage kujerar falo, sai muka kai ta asibitin dabbobi a cire mata farata. Likitan ya ce, "Madam, ba yankan farce ba ne fa, gaɓar yatsa ake datsewa." Ta ce, "Don ina sonta ne, likita. Haka za ta zauna lafiya da mu."

Jiya karen maƙwabta ya shigo. Biskit ta daka tsalle za ta hau katanga, ta sulalo ƙasa. Da tsintsiya na kore shi.

Ki turo min lambar Kawu Tichaona na Soweto, amma kada Mama ta ji. Madam ta karɓi fasfona tun watan jiya. Ta ce adana min za ta yi, don tana sona.

Allah Ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Nyarai