Kafin Tifa Ta Iso Rijiyar Mijinyawa

Fereej Abdel Aziz, Doha,
Oktoba, 2022.

Zuwa ga Yaya Garzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali, kamar yadda ta baro ni. Allah ya ba Gwaggo Rabi'atu sauƙin ƙafar nan, ya sa kaffara ce. Na ji an shigar da gero lafiya, wake ne kawai ya yi gardama bana, to Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Ni nan lafiya lau sai aiki. Garin ya cika tun ba a buga ƙwallo ko ɗaya ba, kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ya ƙaro motoci, duk wanda ya san inda birki yake ya zama direba, kuma daga safe zuwa yamma ba abin da kake ji sai yalla yalla, wato maza-maza.

Saƙonka na murya ya iso, kuma na yi ta maimaita shi don daɗi. Yaya, ban san muna da mai hangen nesa irinka a gidanmu ba. A cike tsohuwar rijiya da ƙasa, a daɓe, a kafa gidan kallon ƙwallo a kanta kafin a buɗe gasar duniya, ni kuma in aiko da talabijin mai faɗin ƙofar shago. Ko Larabawan nan da ke cike teku su yi gini a kai ba su kamo ƙafarka ba, don su ruwan gishiri suke binnewa, kai kuwa ka tafi kai tsaye ga wanda ake sha. Hujjojinka ma babu ta yarwa: ga bohol mai sola an yi mana, rijiyar tana bakin titi inda ya fi ko'ina jama'a, akuyar matarka Raliya ta faɗa ciki bara, kuma yanzu ba mai ɗiba sai makiyayan tsallaken iyaka da ko shayi ba sa saya a wurinka. Na daɗe ina sayar da takalma a kasuwa kafin in zo ƙasar nan, na san wuri mai ciniki in na gan shi, kuma wurin nan mai ciniki ne. Shi ya sa ma na zauna na rubuta maimakon in kira, don in na kira za ka katse ni da cewa ka riga ka yi magana da direban tifa. Takarda kuwa ba a katse ta.

Ka tuna shekarar korona da aka kulle mu a ɗaki? Mu shida ne, ba fita ba shiga, har muka haddace tarin juna. A cikinmu akwai Yussif, mutumin Zangon Kumasi, mai gadi ne a babban ɗakin karatu na garin nan. Da sauran suka duƙufa kan ludo, shi waya ya duƙufa a kai. Na tsokane shi cewa budurwa ce, sai ya nuna mini: ashe tsofaffin takardun Turawan mulki ne aka ɗauki hotonsu aka zuba a intanet, yana neman kakansa mai fataucin goro. Ya tambaye ni da Hausarsa ta Zango ko ni daga sama na faɗo, ba ni da kakan da zan nema. Na ce ina da shi mana, Mijinyawa, kakan Baba. Ya ce me na sani game da shi. Ban san komai ba sai cewa rijiya tana amsa sunansa. Kai ma in ka yi wa Allah iyakar abin da ka sani ke nan.

Na yi ta neman sunansa ban samu ba. Yussif ya ce in daina neman mutum in nemi ruwa, don mutanen nan ba su cika rubuta talaka ba, amma ba sa tsallake rijiya. Haka kuwa aka yi. Na faɗa kan taswirar da ayarin masu shata iyaka tsakanin Ingilishi da Faransi suka zana, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Layin iyakar ya miƙe cikin daji inda babu gari ko ɗaya, sai ɗigo-ɗigo jefi-jefi, kowane ɗigo rijiya. Na ga tamu. Na ja hoton gabas, sai ga wata da sunansa. Na ƙara ja, ga wata. Har bakwai na gani, a jere kamar maɓallan riga, tsakanin ta farko da ta ƙarshe tafiyar da ko a mota sai ka sha mai a hanya. Na ajiye wayar a ƙirjina na ƙura wa rufin ɗaki ido, har Yussif ya zaci zazzaɓin ne ya kama ni ya fara matsawa gefe.

Daga taswirar na bi zuwa rahoton Baturen da ya jagoranci ayarin ta ɓangaren Ingilishi. Turancina na sakandare ne da na kasuwa, amma na lallaɓa. Ya ce sun ɗauki wani mai haƙar rijiya mai suna Mijinyawa, gajere, marar yawan magana, mai yatsu uku a hannun hagu, suka same shi shi kaɗai da matarsa da jakinsa a gindin wata ƙirya, inda hanyar fatake ta ƙare. Ya ce mutumin ba ya shiga rami sai ya fara zura fitila a igiya, in ta mutu ya zauna ya jira, ko da kuwa raƙuman ayari na faɗuwa don ƙishi. Ya ce da dagi da ƙwarya yake aiki, matar tana jan ƙasa daga sama. Ko sunanta bai rubuta ba, kuma ita ce kakar Baba.

Ga inda na fi so ka karanta a zaune. Da layi ya zo kan rijiyarmu, sai ya tsaga ta kusan ta tsakiya. Baturen Ingilishi ya ce tasu ce, na Faransi ya ce tasu ce, kowa yana so ya kafa doka cewa mutanen wancan gefen ba su sha sai da izini. Aka kira Mijinyawa aka tambaye shi wane gefe yake so ya zama. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce zai duba ruwa, ya sauka, da ya isa ƙasa ya kwance igiyar ya zauna a kan wani dutse da ya bari a jikin bango. Aka kira, aka yi barazana, aka zura masa igiya ya ƙi kamawa. Saƙon da ya aiko ta bakin matarsa shi ne ba zai fito ba, kuma ba zai haƙa musu ko taki ɗaya a gaba ba, sai an yarda duk mai ƙishi ya sha, daga kudu ya zo ko daga arewa. A cikin ayarin duka babu wanda ya yarda ya bi shi ciki. Baturen ya rubuta abin cikin fushi, ya kira shi mai taurin kai, ya ce ya jawo musu asarar kwanaki. Amma a ƙasan shafin ya rubuta cewa an amince. Mutum ɗaya, Yaya, ba bindiga ba sarauta, a zaune cikin duhu da sanyi, sama ta koma masa kamar bakin kwalba, ya sa ƙasashe biyu suka jira shi.

Kada ka ce na mai da shi waliyyi. Da aka buɗe gari na riƙa bin Yussif ɗakin karatun ranar hutuna, aka nuna mini yadda ake neman takardun Faransi, wani abokin aikina Bamaroke ya karanta mini. A can na ga an gurfanar da shi gaban kwamanda, wai ya tuge ƙarfen da aka kafa alamar iyaka ya mai da shi turken jaki. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya ga ƙarfen tsaye ba ya aikin komai. Na yi dariya har aka ɗago kai ana kallona. Jininmu ne, ba shakka. Amma a cikin takardun nan dai na ga shekarar yunwar Kakalaba, inda wani jami'i ya rubuta cewa mutanen arewa suna gangarowa da abin da ya rage musu na dabbobi, rijiyoyin hanya duk sun ƙafe sai ta gajeren nan, kuma bukkoki sun fara taruwa a kewayenta. Bukkokin nan su ne garinmu. Masallacin Juma'a, tasha, shagonka, duk daga baya suka zo suka same ta. Bayan wannan shekarar ban ƙara ganin sunansa ko'ina ba. Ban san yaushe ya rasu ba, ban san a wane gefen aka binne shi ba.

Hoto ɗaya na samu, na sa an wanke, ga shi nan cikin ambulan. Turawan suna tsakiya a kan kujeru, kada su ɗauke maka hankali. Duba can gefen dama, kusa da tulin ƙasa. Ba riga a jikinsa, igiya a ƙugu, kuma shi kaɗai ne ba ya kallon mai ɗaukar hoto, ramin yake kallo. Dubi kunnuwan, sannan ka je ka dubi madubi.

Rahoton ya ce zurfinta gaba talatin ne. Na karanta na wuce, don lamba ce kawai. Sai makon jiya na kai wasu baƙi wani dogon otal a Lusail, na roƙi mai gadin, ɗan Sakkwato ne, ya hau da ni hawa na goma sha biyar. Na matsa jikin gilashi na leƙa ƙasa. Motata ta koma kamar akwatin ashana. Na dafa bango. Ginin nan da injuna aka yi shi, da dubban mutane daga ƙasashe barkatai masu hular kwano, dare da rana. Shi kuwa wannan tsawon ya yi shi ne zuwa ƙasa, da yatsu takwas, da mace ɗaya a sama tana ja, kuma bai san ko akwai ruwa a ƙarshen ba sai da ya isa. Sannan ya tashi ya sake yin haka a wani dajin, ya sake, ya sake. Na sha ganin abin mamaki a garin nan, har filin ƙwallo mai sanyaya iska na shiga, amma ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba.

Da na sauko na kira Gwaggo. Na tambaye ta gwafar nan ta arewa da ke bakin rijiya, wadda take zane mu in mun rataya guganmu a kanta, tana cewa ta aljanu ce. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce babu wani aljani, babanta ya gaya mata gwafar baƙi ce, 'yan gida ba su taɓa ta ko da layi ya kai titi, don baƙon da ya zo da ƙishi kada ya tsaya bayan kowa, kada kuma ya roƙi kowa. Na ce to me ya kawo aljanu. Ta ce yaro ba ya tsoron baƙo, dole ta nemo abin da muke tsoro. Na gaya mata abin da na karanta, sai ta ce ita ba a taɓa gaya mata ya shiga ciki ya zauna ba, amma ta yarda, don halin gidan ne. Ban gaya mata zancen tifa ba. Wannan na bar maka.

To ga inda na tsaya, kuma ka san ba na shiga ciniki ba tare da na riƙo abin sayarwa ba. Talabijin na saya, yana nan a kwalinsa a shagon masu aika kaya a Asian Town, ya fi wanda ka ce girma. Filina na bayan tasha, wanda na yi wa matata Haulat alkawarin ɗaki a kai, na ba ka aronsa ka kafa rumfarka. Mun yi magana da ita, ta ce ta yarda, ko da yake muryar da ta faɗa da ita zan daɗe ina lallashi. Wurin bai kai bakin titi ciniki ba, na sani, ba sai ka gaya mini ba. Rijiyar kuwa a yashe ta, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi saboda awaki da yara, a bar gwafar arewa inda take. Ranar da ka aiko mini hoton murfin, ranar talabijin zai hau jirgi, khalas, magana ta ƙare. Kai ne babba, in ka ce sai ka cike ba ni da hannun da zai kai daga nan in tare tifa. Roƙo nake yi, sai dai roƙo ne mai riƙe da kwali.

Ka gaishe mini da Gwaggo Rabi'atu, ka ba ta hoton ta riƙe da hannunta, kada ka tsaya kana nuna mata daga nesa. Ka gaida Raliya da yara da akuyar da ta tsira. Ka gaida Haulat, ka ce mata ban manta ba. Ka gaida liman da mutanen tasha, da makiyayan tsallake in sun zo shayarwa, ko ba su san ni ba. Yussif yana gaishe ka, shi har yau bai sami nasa kakan ba. Allah ya ji ƙan Baba da Inna, ya ji ƙan Mijinyawa da matar da ba a rubuta sunanta ba.

Ƙwallon nan wata ɗaya za a yi a watse. In sola ta lalace ranar da garke ya gangaro daga arewa, cikinmu ni da kai wa zai ɗaura igiya a ƙugu?

Naka ƙane,
Gado.