Fanka a Talbijin Ɗin Babanki

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau, sai idon Babanki da kullum ƙara ja baya yake. Babban abu mai haske yana iya gani, amma a waya kam sai dai ya ji muryarki.

Na karanta masa saƙonki cewa Asabar ta sama za a nuna bikin yaye ku kai tsaye ta intanet. Nan take ya sa aka jawo kujerarsa gaban talbijin, taku biyu tsakaninsu. Shekara uku rabonsa da fuskarki, kuma da bakinsa ya ce bai san ko idon zai jira dawowarki ba.

To ga inda matsalar take. Mun gwada da bidiyon bikin bara, ko minti ɗaya ba a yi sai hoto ya tsaya cak, wata 'yar da'ira ta hau juyi a tsakiya. Babanki ya raɗa mata suna fanka. Kin san mutumin da ya shekara talatin yana gyaran rediyo, maganin kowace na'ura a wurinsa mari ne. Ya mari talbijin ta dama, ya mare ta ta hagu, fanka ko gezau. Ina jin tsoro, Auta, kada a kira sunanki tana juyi.

Ki kula da kanki.

Mamanki

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri, ya shirye-shirye? Yau da abin kunya na zo miki, kada ki yi mini dariya.

Akwatin wayfai ɗin da yayanki ya kafa mana a falo, mai kawo mana intanet, fitilunsa masu ƙyafta ido sun dame ni. Tun bara na ɗauke shi na kai kicin, na cusa shi cikin kabad bayan manyan tukwane, har na rufa masa ƙyalle saboda ƙura. Babanki bai sani ba, tunda ba gani yake ba. Jiya ya ce in kai hannunsa kan akwatin. Na ja shi har kicin, hannunsa ya fara cin karo da murfin tukunya. Ya tambaye ni ko dafa shi nake shirin yi.

Daga nan mai gyaran rediyo ya farka. Ya ce ƙarfe da bango su ne maƙiyan sigina. Muka dawo da akwatin falo, kan kanta, yana kallon talbijin ido da ido. Ya sa na juya gindinsa, na kwafi adireshi da kalmar sirri, na shiga saitinsa ta wayata. Ni ke karantawa, shi ke yanke hukunci.

Ashe layi biyu ne a ciki, mai lamba 2.4 da mai lamba 5, an haɗe su da suna ɗaya. Na ƙirga masa wayfai ɗin maƙwabta, goma sha huɗu, kusan duka a kan na farkon. Ya buga cinya ya ce ai wannan tsohon ciwo ne, tasha ta hau kan tasha. Mai lamba 5 ya fi gudu, ba cunkoso, sai dai ba ya son bango, mu kuma yanzu babu bango. Muka raba su. Na sa wa mai gudun suna Auta, talbijin kaɗai na ɗora a kai. Ɗayan na kira shi Sauran Jama'a, na tura wayoyin gidan can.

Rabon da in ji shi yana ba da umarni haka tun ranar da ya rufe shago. Sai na ji har mijina aka gyara mini.

Mamanki

Auta, 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina taya ki murna. Mun gani!

Falo ya cika. Yayanki ya nemi kalmar sirrin Auta, na ce ya tafi Sauran Jama'a, can ne matsayinsa. Awa biyu da minti arba'in aka yi, fanka ko leƙowa ba ta yi ba. Duk da haka Babanki hannunsa na ɗage, a shirye yake ya kai mari, sai da na riƙe shi gam.

Kafin a kira sunanki Babanki ya riga kowa gane ki, wai tafiyarki ce. Da kyamara ta matso, fuskarki ta cika talbijin, ya miƙe ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya tare wa kowa, babu wanda ya ce ya kauce. Kika yi murmushi, ya ce ga wushiryar nan, tana nan. Ni dai kuka nake, ban ɓoye ba.

Ya ce in gaya miki kin rame, ki riƙa cin abinci. Ni ban ga wata rama ba, amma ban yi masa musu ba. Da idonsa ya gani.

Taki har kullum,

Mamanki