Bulon Mijin Hauwa'u

Gusau,
Maris 1977.

Zuwa ga Yaya Ɗahiru,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita barka.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san Alhaji Ɗanlami, mijin ƙanwarmu Hauwa'u, ya samu kwangilar azuzuwan firamare a bayan Tsafe. Da gini ya kai taga, aka kawo bulonsa ɗakin gwajinmu, kamar na kowane ɗan kwangila. Aikina ke nan: in ɗora bulo uku da kwaɓin siminti a tsakaninsu, in sa a injin matsa, ina ƙara nauyi ina duban allurar da ke nuna yadda suke motsewa. Na kirki yakan jure, allura na tafiya a hankali. Nasa kuwa, ban kai rabin nauyin ba kwaɓin ya fara zubowa kamar gari, bulon ya dare. Na sake da wasu, haka. Yashi ne zalla aka shafa wa siminti. Injiniya ya ce a rushe.

Tun ranar na zama abin zagi a garinmu Bungudu. Alhaji na yawo yana cewa hassada ce, wai boko ya cire mini zumunci. Inna da kanta ta ce in je in ba shi haƙuri. Haƙurin me? Ni na kwaɓa? Ɗakin da yara za su cika, a ɗora masa rufi a kan wannan, in yi shiru don suruki ne?

Shekaranjiya Hauwa'u ta zo gidana. Na zaci faɗa ta kawo. Sai ta tambaye ni ko zan duba sabon ɗakin da take kwana da 'ya'yanta, don da ragowar bulon nan aka gina shi. Jibi zan je, ko Alhaji ya yarda ko bai yarda ba. Don Allah ka rubuto wa Inna, tana jin maganarka.

Ka gaishe da Yaya Saude da su Asabe. Ladidi na gaishe ku.

Ƙaninka,
Bashiru.