Maganin Koriya da Gamban Iyaka

Ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Koriya? Ya Hauwa da yara? Da fatan ba ka wasa da salla. Mu nan Gwaram lafiya.

Maganin saiwoyin da ka aiko ya iso, ga ɗaci kamar maɗaci. Mai maganinku ya yi gaskiya, fushin da aka haɗiye shi ke ƙona ƙirji ya kori barci. Na sha na yi barci, na tashi har ina neman yafe wa baffanka Ilu. Ranar na daina sha.

Mutumin da ya tuge gamban iyakar da mahaifinka ya dasa a Zandam, ya shigo gonar marayu, sannan ya ce min, "Hajiya, zumunci ya fi ƙasa." Na ce, "To Malam Ilu, dawo da ƙasar, ka riƙe zumuncin."

Na kai shi gaban dagaci. Sai gamban ya koma wurinsa zan sha sauran. In barci ya guje shi, ko ɗigo ba zai samu ba.

Ka taya ni addu'a, Allah ya isar mana. Gaishe da Hauwa.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rabi