Inda Hannun Kumu Ululani Ya Tsaya

Asabar, 4 ga Maris

Na fara ajin lomilomi, tausarmu ta gargajiya, a gidan malamarmu Kumu Ululani, can bayan garin Hilo. Duk ɗaliban tsofaffin hannu ne a sana'ar tausa. Ni da na tsufa ina murza bayan baƙi a otal, yau an ce in tuɓe abin da na sani a bakin ƙofa tare da takalmina. Kumu ta tsaya tana kallon aikina, ta ce, "Mapuana, ina za ki da sauri haka? Bas ce za ta tafi ta bar ki?" Aka kwashe da dariya. Wai hannuna surutu yake yi, ba ya saurare. An haɗa ni da wata Darlene, ita kuma bakinta ne ba ya hutawa.

Asabar, 11 ga Maris

Yau tausar ciki. A otal ba ma taɓa ciki. Kumu ta nemi wadda za ta gwada a jikinta, Darlene ta ingiza ni gaba. Na kwanta. Ta yi addu'a, ta ɗumama man ƙwayar kukui a tafinta, ta fara zagaya cibiyata tana bayani. Da ta gangaro ƙasa ta hagu, sai bayanin ya yanke. Hannun ya tsaya. Ya matsa, ya dawo wurin. Ta ci gaba da magana kamar ba komai, amma ba ta ƙara dannawa ba.

Da aka tashi ta tsayar da ni a baranda. "'Yata, yaushe rabonki da likita?" Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce, "Ni ba likita ba ce, ba zan raɗa wa abin suna ba. Amma akwai wani abu a nan da bai kamata ba. Je ki a duba."

Ban san yadda na tuƙo kaina gida ba.

Lahadi, 12 ga Maris

Na laluba a banɗaki. Yana nan. Kamar ƙwan kaza, ga tauri. Cikina ne, hannuna ne, kuma sana'ata ke nan, amma ban taɓa jin sa ba.

Laraba, 15 ga Maris

Mama ma daga ciki ciwon ajalinta ya faro mata. Ba ta ga wata Kirsimeti ba.

Ban gaya wa mijina Palani ba. Ya dawo daga teku da kifi, ya haɗa poke, kwaɗon ɗanyen kifi, yadda nake so, na ɗan taɓa na ture. Ya ce, "Tsohuwa, rage ƙiba ake yi? Wa ya ce miki ina ƙorafi?" Na yi dariya don kada ya ƙara tambaya.

Juma'a, 17 ga Maris

A wurin aiki duk ƙullin da na taɓa a jikin mutum sai gabana ya faɗi. Wata baƙuwa ta ɗago kai ta ce ko lafiya, hannuna rawa yake. Na ce sanyin ɗakin ne.

Asabar, 18 ga Maris

Ban je aji ba.

Litinin, 20 ga Maris

Darlene ta faɗo gidan ba ko waya, da malasada, fanken nan mai sukari, a takarda duk maiƙo. Ashe ta ga fuskar Kumu ranar. Na ce mata wataƙila iska ce kawai. Ta ce, "Iskar gidanku. 'Yar'uwa, ɗauko takalminki." Na ce idan na je za su faɗi abin da ba na son ji. Ta ce, "To shi abin jira yake sai kin ji sunansa kafin ya girma?" Na so in kore ta. Na shiga motarta, muka nufi asibiti. Duk hanya tana zagin tsohon mijinta, ban ji ko rabi ba.

Alhamis, 30 ga Maris

An yi hoto. Ƙari ne a ƙwan mahaifa. Likitar ta ce sai an cire za a san ko na daji ne, kuma a Honolulu za a yi aikin. Tana magana ina kallon bakinta, kunnena ya toshe.

Na sami Palani a gareji yana ɗinkin raga, na faɗa masa a tsaye. Bai ɗago ba, ya ƙulle zaren da ke hannunsa tukuna. "Tun yaushe kika sani?" Na faɗa. Ya ce, "Ni kuma ina nan ina tsokanarki da ƙiba." Ya fita bayan gida. Na ji yana ta wanke motar da ya wanke jiya.

Talata, 18 ga Afrilu

Gobe jirgi. Na shayar da shukokina har ruwa ya kwanta. Na nuna wa Palani inda takardun gida suke, ya ce in ya sake jin wannan magana zai jefa su a teku. Tsoro nake ji. Ba na wuƙar ba, na farkawa in ga fuskarsa.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Na dajin ne. Amma likita ta ce bai fita daga inda yake ba, sun kwashe duka. Akwai magani a gaba, da zuwa dubawa a kai a kai. Palani ya yi kuka a gaban mutane. Ni ban yarda ba tukuna. Ko tari na yi sai in ce shi ne ya dawo.

Asabar, 27 ga Mayu

Ranar ƙarshe ta aji. Darlene ta kai ni, da sharaɗin kallo kawai zan yi daga kujera. Sai Kumu ta hau tebur da kanta, ta ɗaga riga, ta ce, "Mapuana, zo." Na ce ba ni da ƙarfi. Ta ce, "Wa ya tambaye ki ƙarfi?"

Tun ranar hoto ban taɓa jikin kowa ba. Na zuba mai. Tsohuwa ce, fa. Idan na ji wani abu, me zan ce mata? Na tafi a hankali, don tsoro ba don iyawa ba. Ƙasan cibiya na ci karo da wani dogon layi mai tauri. Na tsaya cak. Ta ce, ido a rufe, "Tsohon ɗinki ne. Ni ba wanda ya taɓa min a kan lokaci, sai da suka yanke rabin hanjina. Ci gaba."

Na ci gaba. Na ji cikin yana sakin jiki kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin tafina, abin da ban san ana ji ba. Ɗakin ya yi tsit, har Darlene. Kumu ba ta gyara min komai ba. Can sai muka ji minshari.

Darlene ta ce a mota tsufa ne ya sa Kumu barci, kada kaina ya kumbura. Wataƙila. Palani yana ƙorafin kafaɗarsa tun watan jiya. Na ce ya share teburin da ke gareji, in na ji dama gobe. In na ji dama, na ce.